RA'AYINMU: A Tambayi Yaro Katinsa Na Laburare

Matan Keana da ke tace ƙasa suna dafa ruwanta har gishiri ya fito, da 'yan'uwanmu mazauna Agege, Sabon Badun da Fatakwal, duk da guminsu suke biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. Saboda haka wajibi ne su san abin da kuɗin ke saya.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, an kafa jami'ar jiha a Keffi, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta buɗe tata a Lafiya a 2011. Ɗan Keana ba sai ya je Zariya ba kafin ya shiga laburaren jami'a.

To, amma yana shiga kuwa? Ɗalibin da ya yi rajista yana da haƙƙin aron littattafai ya kai ɗaki, ya duba mujallun bincike da kundayen da na gaba da shi suka rubuta, ya zauna gaban kwamfuta ya karanta littattafan da tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun mahaifinsa. Akwai kuma ma'aikatan da aikinsu ke nan su nuna masa inda zai nema. Abin takaici, da yawa sun gwammace su haddace 'yan takardun malami daren jarrabawa.

Muna kira ga hukumomi da su lura da yadda ake kashe kuɗin laburare da asusun TETFund ke bayarwa. Ku kuma iyaye, idan yaro ya bugo waya neman kuɗin littafi, ku fara tambayarsa ko ya duba laburare, kuma yaushe rabonsa da shiga.