Magidancin da Ya Tsira daga Daji, da Ƙwayar da Yake Sha a Ɓoye

A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi jana'izar mutane masu yawa. Matattu an ƙirga su, amma ba wanda ya ƙirga magidantan da suka haƙa kaburburan 'yan'uwansu da hannunsu, ko waɗanda suka shafe makonni a daji kafin a haɗa kuɗin fansa. Da sun dawo sai a yi musu barka da arziki, a ce namiji ba ya kuka, kowa ya kama gabansa.

Barci kuwa ya ƙaurace musu. Ƙarar babur na tsinka zuciya, ga munanan mafarkai, ga faɗa da iyali ba gaira ba dalili. Likitoci sun san wannan ciwo na firgici bayan tashin hankali, kuma yana da magani. Sai dai mutumin kemis yake nufa: diazepam don ya runtsa, Tramol don ya iya riƙe fartanya. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tramadol mai miligiram 50 da 100. Na bayan fage yakan kai 225, kuma yawansa na jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

A ganina, babban kuskuren iyali shi ne ƙwace ƙwayoyin rana ɗaya, ko sa wa mutum mari. Wanda ya daɗe yana shan diazepam, idan aka yanke masa farat ɗaya, jijjigar da za ta biyo baya tana iya kashe shi. Ragewa ake yi sannu a hankali bisa tsarin likita. Zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da ke kama mai barin Tramol ma ciwo ne na gaske, kada a ɗauka taurin kai ne.

A ci gaba da addu'a, malami da likita ba kishiyoyi ba ne. Amma a kai shi babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum, a riƙo kwalayen abin da yake sha, a faɗi ainihin adadin. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Amininsa ko wansa ya fi dacewa ya raka shi, domin akwai abin da ba zai furta gaban matarsa ba.

In ya fara cewa gara mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin feshi da makami daga gidan, a kai shi asibiti a ranar.