Wayar Madannai Da Kasuwar Malanbil: Kada Kewa Ta Ci Mana Jari

Sanin kowa ne cewa da wuya a tayar da zancen wayar salula a wata rumfa ta kasuwar Malanbil, bayan an sauke kaya an sha ruwa, ba tare da an sami wani dattijo ya yi ajiyar zuciya ya ce ai wayoyin da su ne waya ba. Abin da yake nufi shi ne wayoyin nan masu cikakkun madannai na haruffa, irin su Nokia E71 da C3 da kuma BlackBerry, waɗanda mutum ke dannawa yana jin ƙas-ƙas a ƙarƙashin babban yatsansa. To, ga shi yanzu zancen ya wuce hirar rumfa. A shekarar 2025 matasan Turai da Amurka sun tayar da yayin BlackBerry a dandalin TikTok, wasu ƙananan kamfanoni kuma suna ta ƙera sababbin manyan wayoyi masu madannai. Mu kuwa mun san halin kasuwa: abin da aka yi yayinsa a can, ba a daɗewa sai ka gan shi a tebur a Kwatano ko Kano, daga nan ya biyo mota ya same mu a bakin kogi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu sa wannan kaya a mudu tun kafin dillalai su fara yi mana kirarinsa.

Gaskiya ɗaya ce, dattijon nan bai yi ƙarya ba. Madanni yana da amfanin da gilashi ba ya da shi. Wanda hannunsa ya saba yana iya rubuta saƙo idonsa na kan 'yan dako da ke loda buhunan albasa. Hannu mai gumi, ko wanda ya taɓa manja ko ɗanyen kifi, ba ya hana madanni aiki, alhali gilashi in ya jiƙe sai ya riƙa buɗe abin da ba a aike shi ba. Ga kuma zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan gilashi har mutum ya nemi inuwa kafin ya ga abin da yake rubutawa. Duk wannan mun yarda da shi, domin da hannunmu muka riƙe wayoyin.

Amma idan mai karatu bai manta ba, wayoyin nan ba su bar kasuwa don ra'ayin kansu ba. BlackBerry, wadda wani kamfanin ƙasar Kanada ke ƙerawa, ta yi tashe a Nijeriya wajen 2010 zuwa 2013, zamanin da saurayi ba ya neman lambar budurwa sai dai ya nemi lambar BBM ɗinta. A 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa. A ƙarshen 2017 WhatsApp ya daina aiki da tsarin BlackBerry, a ƙarshen 2018 ya bar ƙananan Nokia irin su C3 da Asha. An rufe BBM na jama'a a watan Mayun 2019, sannan ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimar da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da ita. Wato ke nan, duk wanda ya kawo maka Bold ko Curve a cikin kwali mai ƙyalli yana cewa sabuwa ce fil, abin da yake sayar maka gangar jiki ce da rai ya bari. Akwai KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018, waɗanda kamfanin TCL na ƙasar Sin ya ƙera da sunan BlackBerry a kan tsarin Android. Su suna motsi, sai dai tsarin nasu ya tsaya a inda aka bar shi shekaru da dama, kuma manhajojin banki ba sa jiran wanda ya tsaya.

Sababbin fa? Kamfanin Unihertz na ƙasar Sin ya fitar da Titan a 2019, ya biyo da wasu ƙannenta, har zuwa Titan 2 a 2025. Ta farkon ƙaƙƙarfa ce, batirinta babba ne, ba ta tsoron ruwa, amma nauyinta ya kai giram 300, wato in ka sa ta a aljihun gaba sai rigar ta karkace. Kuɗin irin waɗannan wayoyi yana kaiwa dalar Amurka 300 zuwa 400 tun a can, kafin a zo ga kuɗin jirgi da na duwan. Akwai kuma wani gidan waya mai madannai da ake kira Clicks, wanda aka fito da shi a Janairun 2024 domin a sanya wa iPhone, a kan dalar Amurka 139. Gidan kawai, ban da wayar. Wannan kuɗi ya haura jika saba'in na sefa, ya isa mutum ya sayi babbar waya sabuwa ta Tecno ko itel, har ya yi canjin da zai sa kati.

A ce ma mutum yana da kuɗin. Ina mai gyara? Yaron da ke zaune da akwatin gilashi a bakin tasha yana da fuskar Tecno da Infinix da itel da Samsung, domin su ne a hannun jama'a, in taka ta fashe da safe kafin la'asar ya sauya maka. Amma ranar da ƙurar hunturu ko garin rogo ya shige ƙarƙashin madanni guda ya daskare, daga ina zai samo maka wani? Sai dai a yi oda daga Sin a jira makonni, kai kuma cinikinka ba ya jira. Madannai fiye da talatin a fuskar waya, kowanne ƙofa ce ta ƙura.

Wani abin da masu kirarin ba za su faɗa maka ba shi ne, haruffan da aka buga a kan madanni sun bugu ke nan. Mu a nan muna zaune ne a mahaɗar ƙasashe uku. Wayar da ta biyo ta Kamba ko Lolo jerin haruffanta na Ingilishi ne, wadda ta fito daga Faransa ta biyo ta Kwatano nata jerin daban ne, inda ka saba samun harafin A sai ka tarar da Q. Babu ɗayansu da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ a fuskarsa. Mun san mun saba rubuta "kara" muna nufin "ƙara" kuma ana ganewa, wannan ba shi ne babbar matsala ba. Babbar ita ce da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu ba su yi boko ba, karatunsu na allo ne, hannunsu ya fi faɗawa a ajami. Wayar gilashi, da duk aibinta, tana ba ka damar juya allon rubutu daga Hausa zuwa Faransanci zuwa Larabci da taɓawa ɗaya. Alhajin da ke rubuta lissafinsa daga dama zuwa hagu, me zai yi da madannin da aka zana wa ma'aikacin ofis a Landan?

Alal haƙiƙa ma, yawancin cinikinmu ba da haruffa muke yin sa ba. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, ɗan kasuwa ya sami abin da ya dace da bakinsa. Kamfanin da kansa ya ce a 2022 ana aika saƙon murya biliyan 7 kowace rana a duniya, mu kuwa ba mu yi mamaki ba. A saƙo ɗaya mutum zai gaisa da Hausa, ya yi ciniki da Dandanci, ya faɗi sunan takardar duwan da Faransanci, duk a cikin rabin minti. Bayan murya sai hoto. Mai saye a Yamai ko Dosso yana son ya ga girman albasa, ya ga launin atamfa, ya ga dilar gwanjo kafin a kwance ta. A nan ne wayar madannai ke jin kunya, domin madannan sun cinye kusan rabin fuskarta, abin da ya rage bai isa a bambanta zanen atamfa da na kusa da shi ba.

To, ina madanni ke da rana a wurinmu? Amsar tana aljihun kowannenmu. Duba ɗan kasuwa a Malanbil ko Gaya, za ka same shi da waya biyu: babba ta gilashi, da ƙarama mai madannan lambobi, wadda yara ke wa laƙabi da raka-ni-kashi. Ba don ƙawa yake ɗauke da ita ba. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, har bayan da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a toshe, mutane da kaya suka koma kwale-kwale. A wannan hali aka ga ranar ƙaramar waya. Tana kwana uku ko huɗu ba caji, tana ɗaukar layi biyu, na Benin da na Nijar ko na Nijeriya, tana da tocila, ana danna ta da jiƙaƙƙen hannu a tsakiyar kogi a kira mai jiran kaya a ɗaya gaɓar. In tsautsayi ya sa ta faɗa ruwa, asarar ba ta kai ta buhun masara ba. Da ita kuma ake tura kuɗi, a danna tauraro da lambobi, ko da babu data. Madannai goma sha biyu, manya, kowanne yatsa ya san wurinsa. Waɗannan su ne madannan da ɗan kasuwa ke buƙata, kuma bai taɓa rabuwa da su ba.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Akwai abu guda da muka yar tare da wayoyin da, wanda muke ganin shi ne ainihin abin da dattijon nan ke kewa ko da bai ambata ba: rubuta adadi. A zamanin saƙon tes, in an gama ciniki akan rubuta buhu kaza, kuɗi kaza, ya zauna a wayar kowa. Yau sai a yi ta da baki. Kuma duk wanda ya san kasuwar kan iyaka ya san cewa bakinmu ba lissafi ɗaya yake yi ba. Mutumin Gaya in ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, domin dala sefa 5 ce. In ya ce jika, sefa 1,000 ke nan. Mutumin Kamba in ya ce ɗari, naira 100 yake nufi, in tsoho ne ya ce jaka, tana yiwuwa naira 200 ce a ransa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, canjin safe ba lallai ya zama na yamma ba. A ce an yi cinikin buhu hamsin da murya, a cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar babura, wani ya ji sittin inda aka ce saba'in, ko ba a fayyace sefa ko naira ba. Ranar biya sai rantse-rantse, sai a tafi wurin shugaban 'yan kasuwa a zauna ana juya saƙon murya na minti huɗu ana neman inda aka ambaci kuɗin. Zumuncin shekara ashirin yakan lalace a irin wannan zama.

Haka batun lamba. Tun ranar 30 ga Nuwamban 2024 lambobin wayar Benin suka tashi daga takwas zuwa goma, aka ƙara 01 a gabansu. Lamba goma, in aka karanta ta da baki, dama goma ce ta kuskure, kuma kuɗin da ya sauka a layin baƙo kowa ya san wahalar dawo da shi, balle in mai layin ya riga ya cire.

Don haka shawararmu ga 'yan'uwa fatake da dillalai da 'yan canji ita ce, a yi gaisuwa da murya, a yi tayi da albarka da murya, amma da zarar an ce an sallama, a bi bayansa da layi ɗaya a rubuce: buhu 50, kowanne sefa kaza, biya ranar kaza, a tura wa lamba kaza. Ɗayan ya amsa da "na gani". Wannan ba ya buƙatar boko mai zurfi, lambobi ne, wanda ya iya ƙirga kuɗi ya iya su, kuma ƙaramar wayar da ke aljihu ta isa ta yi shi. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shinkafa da 'yan gwanjo za su iya mayar da shi sharaɗi, su ce duk ƙarar da aka kawo musu sai an nuna rubutaccen adadi kafin a saurara.

Ba mu ce kowa ya guji wayar madannai ba. Akawun da ke cike takardun fiton kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wanda ke wuni yana rubuta dogayen saƙonni da Faransanci, in ya ga za ta sauƙaƙa masa aiki kuma aljihunsa zai ɗauka, ya saya, Allah ya sa albarka. Amma wanda aka tare a bakin kasuwa da tsohuwar BlackBerry ana ce masa yayi ya dawo, kafin ya zaro ko dala, ya ce wa mai sayarwar ya sa layi a ciki, ya buɗe WhatsApp, ya aika wa yaron shagonsa hoton buhu ɗaya a gabansa.