Daga Sabon Gari zuwa Kyuba: addinai uku da muka sani rabi-rabi

Yau za mu leƙa addinai uku: na Yahudawa, na Hindu da kuma Santeriya. Ba mu da wurin ibadar ko ɗayansu a Dogarawa, amma kowanne ya san hanyar da ya bi ya iso mana. Labarin Annabi Musa da Bani Isra'ila mun ji shi a Islamiyya ko a coci. Hindu kuwa a finafinan Indiya muka fara ganinsa. Shi Santeriya ko sunansa da yawanmu ba mu taɓa ji ba, alhali shi ya fi kusa da gida.

A ƙarni na 19 an kwashi Yarbawa da yawa bayi zuwa tsibirin Kyuba, inda ba a daina bauta ba sai a 1886. Turawan Sifen sun sa su cikin ɗarikar Katolika, su kuma suka ɓoye abin bautarsu na gargajiya, wato orisha, a bayan waliyyan coci. Sango mai tsawa ya koma ana kiransa Santa Barbara. Daga wannan haɗin Santeriya ya fito. Yarbawan da muke ciniki da su a kasuwar Sabon Gari akasarinsu Musulmi ne ko Kirista, amma sunayen Sango da Ogun da Oshun daga ƙasar kakanninsu suka tsallaka teku. Mu ma a tarihinmu akwai irin wannan, domin bayin Hausawa sun kai bori har Tunis da Tarabulus.

To, ina suka bambanta? Yahudawa Allah ɗaya suke bauta wa, kuma ba sa yi masa gunki. Mabiya Hindu suna da Bishnu da Shiba da wasu masu yawa, sai dai da yawansu suna cewa duk siffofi ne na asali guda. 'Yan Santeriya sun yarda da mahalicci ɗaya, Olodumare, amma ta hannun orisha suke roƙo.

Wajen littafi ma ba ɗaya suke ba. Yahudawa suna da Attaura da Ibrananci, Hindu suna da Beda da harshen Sanskirit. Santeriya ba shi da littafi guda da kowa ke bi. Baki da baki ake koyonsa, da kiɗan gangar bata.

Sai batun dabba. Yahudawa ba sa cin alade, ba sa haɗa nama da madara, kuma sun daina yankan hadaya tun da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Hindu suna girmama saniya, yawancinsu ba sa cin namanta. A Santeriya kuwa yanka kaza ko akuya ginshiƙin ibada ne, har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1993 cewa ba za a hana su ba.

Inda suka yi kama shi ne, duka ukun ba su cika fita wa'azin neman mabiya ba. A gida da wurin dattawa ake gadonsu, shi ya sa suka jure ƙaura mai nisa.

Me ya kawo wannan cikin shafin ɗalibai? Sanin addinin wani ba bin sa ba ne. Gobe wasunku za su shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, su kwana ɗaki ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Wanda duk iliminsa daga fim ko jita-jita ya samo shi, da sauƙi zai zagi abin da bai sani ba, kuma mu a jihar Kaduna mun san inda irin wannan yake kai mutane.

Aikin wannan mako: ku tambayi malamin tarihi ta waɗanne tashoshin ruwa aka fitar da bayin zuwa Kyuba, ku aiko mana da amsar.