Adabin Wayar Salula da Makomar Rubutacciyar Hausa a Ƙasar Kurfai

A hutun da ya gabata na je gida Sanam, na tarar da abin da ban zata ba. Ƙanwata, wadda ta bar lakwal tana aji shida, wadda har yau in an miƙa mata takardar Faransanci sai ta yi ta in'ina kafin ta kai ƙarshen layi, ita ce ke zama bayan sallar isha'i da wayar salula a hannu tana karanta wa matan gidanmu labari da Hausa, ba gargada. Babu malamin da ya taɓa koya mata karatun Hausar boko. Ɗokin jin yadda za ta kaya tsakanin wata amarya da uwar mijinta shi ya koya mata. Tun daga wannan dare nake ganin cewa mu ɗaliban kimiyyar harshe mun daɗe muna wuce wata makaranta ba tare da mun leƙa cikinta ba.

Rubuce-rubucen da ke yawo a wayoyin matasanmu sun kasu gida uku. Na farko shi ne dogon ƙagaggen labari da ake saki kashi-kashi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad. Marubuciya, domin mata ne suka fi yawa a wannan fage, takan saki farkon labari kyauta, sai ya kama zuciya sannan ta nemi a biya, kuma wasu kan ware farashi da kuɗin sefa saboda masu karatu na Nijar. Na biyu shi ne labarin da ake karantawa da murya a naɗa, wanda ba ya iya karatu ya saurara. Na uku kuwa rubutun koyarwa ne, kamar hukunce-hukuncen ibada da girke-girke da kiwon lafiya. Abin lura shi ne, na farkon ne ke jan mutane zuwa ga sauran. Wanda ya saba bin labari shafi bayan shafi ba ya jin nauyin karanta darasi.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Hausa. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu a Zariya cikin 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, bukatarsa ita ce a samar wa waɗanda suka koyi boko abin karantawa mai daɗi. Haka kuma daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan Kano, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka sa dubban matan aure riƙe littafi. An soki waɗannan littattafai, an kira su adabin kasuwa, har an ƙone wasu a Kano cikin 2007, amma yau ana rubuta kundayen digiri a kansu. Adabin waya jikan wancan ne. Wanda ya raina shi yanzu zai maimaita kuskuren da aka riga aka yi.

Sai dai akwai abin da ya dame ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Wata rana ƙanwar tawa ta aiko mini da saƙo, na ga ta rubuta "muka tafi" alhali a bakinta "munka tahi" take cewa. Da na tambaye ta, sai ta ce ai irin Hausarmu ba a rubuta ta. Ba laifinta ba ne. Duk labarin da ta taɓa karantawa a Kano ko Kaduna ko Abuja yake faruwa, kuɗin cikinsa naira ne, mutanen cikinsa Kananci suke yi. Ba ta taɓa cin karo da wanda ya tafi cin rani ya bar gero a gona ba, ko Bakurfayen da ke ciniki da Bazabarme da Buzu a kasuwar Filinge. Yarinyar da ba ta taɓa ganin garinsu a rubuce ba za ta ɗauka garinsu bai isa a rubuta shi ba. Hatta Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi tsayin daka gaban sojojin Faransa cikin 1899, da Faransanci Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980.

Matsala ta biyu ita ce ƙa'idar rubutu. Labaran da ke zuwa daga Nijeriya sun cika zubar da haruffa masu ƙugiya, sai a rasa bambanci tsakanin kasa da ƙasa, ko dan da ɗan, ga haɗe kalmomi irin su "yace" da "dashi". Namu kuwa, waɗanda suka bi ta makarantar Faransanci, sai su rubuta "tchikin" maimakon cikin, "chi" maimakon shi, "kouma" maimakon kuma. Alhali ba rashin ƙa'ida muke fama da shi ba. An zauna a Bamako cikin 1966 kan haruffan harsunanmu, an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram cikin 1973, gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar cikin 1999. Ƙa'idar tana nan a ofisoshi da ɗakunan karatu, masu karatun kuma suna can cikin waya, ba su taɓa haɗuwa ba.

Yanzu al'amarin ya ƙara nauyi. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka tana iya ba harshe matsayi, amma ba ta iya haifa masa masu karatu. A jihar Tilaberi kuwa, inda rashin tsaro ya rufe makarantu da dama, akwai yaran da wayar yayarsu ita ce kaɗai rubutun da suke gani. In muka bar wannan ƙofa, ta ina za mu shiga?

Na san abin da wasu malamanmu za su ce: labaran nan soyayya ce da kishi, wasu ma akwai batsa a ciki. Gaskiya ne akwai, kuma ba na kare shi. Amma ba a hana mutum shan gurɓataccen ruwa da wa'azi kaɗai, sai an haƙa masa rijiya. Wasu kuma za su ce shigar da karin harshe cikin rubutu zai rusa daidaitacciyar Hausa. Ni a ganina akwai hanyar tsakiya da marubutan duniya suka daɗe suna bi: mai ba da labari ya yi magana da daidaitacciyar Hausa, mutanen cikin labarin su yi magana da bakin garinsu. Ta haka yaro zai koyi ƙa'ida, ya kuma gane cewa "munka" da "sunka" ba kuskure ba ne, Hausar yamma ce mai tsarinta.

Saboda haka ina kira gare mu, ɗaliban wannan sashe. Kowannenmu yana da gari, yana da tsofaffin da suka ga yunwar 1984, yana da tatsuniyoyin da ba a taɓa rubutawa ba. Mu mayar da su labarai gajeru, mu sake su kashi-kashi kamar yadda marubutan waya ke yi, da cikakkun haruffa, tunda wayoyin yanzu suna da allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Mu haɗa kowane kashi da muryar mai karantawa, domin mai koyo ya bi da ido yana ji da kunne. Malamanmu kuma su yarda a ɗauki waɗannan rubuce-rubuce a matsayin abin nazari, domin a cikinsu ake ganin yadda Hausa ke sauyawa a yau.

Ƙanwata ta riga ta iya karatu ba da taimakonmu ba. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne ranar da za ta buɗe waya ta ga Sanam a cikin labari, an rubuta shi daidai.