Me ya sa zai yi wuya a samu Jamie Vardy daga Wudil?

Matashin da ke taka leda a filayen Wudil, idan ya kai shekara 22 babu wata babbar ƙungiya da ta ɗauke shi, shawarar da zai riƙa ji daga gida ita ce ya rataye takalmi ya kama sana'a.

A daidai waɗannan shekarun, Jamie Vardy na Ingila yana bugawa Stocksbridge Park Steels, ƙaramar ƙungiyar da ya fara karɓar fam 30 a mako a cikinta, yana haɗawa da aiki a masana'anta. Sheffield Wednesday ta sallame shi tun yana ɗan shekara 16.

Ya koma Halifax a 2010, sai Fleetwood a 2011, inda ya ci ƙwallo 31 a gasar mataki na biyar. Leicester ta saye shi kan fam miliyan ɗaya a 2012 yana da shekara 25. Sauran labarin kuwa duk mai shiga gidan kallo ya sani: kofin Firimiya a 2016, da ƙwallo 200 a wasa 500 kafin ya bar ƙungiyar a 2025.

An fi ba da labarinsa a matsayin na jajircewa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma jajircewa ba ta yi ƙaranci a Wudil ba. Abin da Vardy ya samu shi ne tsani. A Ingila ƙungiyar ƙauye ma tana cikin gasa mai jadawali, ana rubuta wanda ya ci ƙwallo, ana hawa ana sauka. Duk ƙaramar ƙungiyar da ya bari, sayen sa aka yi, don haka horar da shi bai zama asara ga ƙananan ba.

A takarda, Najeriya ma tana da nata matakan: NPFL a sama, NNL a tsakiya, NLO a ƙasa. Sai dai yawancin ƙwallon da ake bugawa a garuruwa irin Wudil na gasannin unguwa ne da kofunan da 'yan siyasa ke sakawa. A yi wata guda ana cika fili, a raba kyauta, shi ke nan. Yaron da ya fi kowa zura ƙwallo ba shi da wata shaida sai bakin 'yan kallo.

Ga kuma batun shekaru, wanda a ganina ya fi komai illa. Masu farautar 'yan wasa 'yan 17 da 18 suke nema, domin su ake iya sayarwa waje. Wanda ƙwallonsa bai nuna ba sai a 24, ko dai ya rage shekaru ko ya haƙura.

Ahmed Musa, wanda ya zauna da Vardy a Leicester daga 2016, ta ɗaya hanyar ya bi: ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars tun bai kai shekara 18 ba, ya wuce Turai a 2010. A 2025 aka naɗa shi babban manajan Pillars, shekarar da Barau FC ta hau NPFL, Kano ta samu ƙungiyoyi biyu a babbar gasa.

Tsakanin filin Sani Abacha da Wudil tafiyar kusan kilomita 40 ce. Ƙungiyar da ta tura mutum ɗaya da littafi ya riƙa kallon wasannin can duk mako, ba tare da ya fara tambayar shekarar haihuwa ba, kuɗin mota kawai za ta kashe.