Kada ka yar da tsohuwar laftof ɗinka, yi mata ɗaki biyu

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in laftof ɗinka 'yar Beljiyam ce irin tawa, da kai nake. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, ma'ana ƙofar ɓarayin intanet ta ƙara buɗewa. Windows 11 kuma sai kwamfutar da ke da guntun tsaro na TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin namu ba su da shi. To ɗalibin da kuɗin mota daga Tsafe ko Bungudu zuwa Gusau ma ke ba shi wahala, ina zai samo na sabuwa?

Shawarata: ka bar Windows ɗinka inda take, ka ɗora Linux a gefenta. Kwamfuta ɗaya na iya ɗaukar duka biyun. Za ka raba ma'ajiyarta gida biyu, kamar mai yanka wa ƙaninsa fili a cikin gida. Da ka kunna, wata 'yar manhaja mai suna GRUB za ta tambaye ka wane ɗaki za ka shiga.

Kada sunan ya firgita ka. Linus Torvalds ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki, yana da shekara 21, lokacin da ya fara Linux a 1991. Ita kanta Android da kake karanta wannan rubutu a cikinta, a kan Linux aka gina ta. Kuma kyauta ce. Ni da Linux Mint nake shiga intanet, in yi rubutu da LibreOffice, in tace sautin aikin rediyo da Audacity.

Na san wani zai ce, "Ai Premiere da Photoshop ba sa hawa kan Linux." Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce ka goge Windows ba. Ba a sakin reshe a kama ganye. Ka shiga can ka yi aikinka da intanet a kashe, harkar banki da imel kuwa ka dawo Linux.

Amma fa a yi hattara. Ranar da na fara gwadawa, gaggawa ta sa na danna zaɓin goge komai. Hirarrakin da na yi mako uku ina naɗa a kasuwa suka tafi, wallahi har na yi ƙwalla. Don haka kafin komai ka kwashe ayyukanka zuwa wani wuri. Ka sa Linux a filash da manhajar Rufus, ka gwada ta daga filash ɗin tukuna, ka ga ko Wi-Fi da sauti na aiki. Sannan ka cika batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rabo, sai dai haƙuri.

Mutum ɗaya ya sauke, gigabait uku ne ko kusa da haka, ajinku duka ya wadatu. Wa zai fara kawo filash?