Fa'idodi da Illolin Amfani da Ƙananan Zanzaro Wajen Yaƙar Ƙwarin Gona

Duk wanda ya tashi a Suleja ya san zanzaro mai siririn ƙugu da ke gina ɗakin laka a kusurwar bango, ya kuma san rina da zafin harbinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne suna da ƙananan dangi, wasu ko ƙwayar gero ba su kai ba. Masana sun sa su a rukunin Hymenoptera, tare da ƙudan zuma da tururuwa. Jikinsu kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, da ƙafafu shida da fukafukai huɗu. A ƙarshen cikin macen akwai wani siririn tsinke, da shi take zuba ƙwai a jikin tsutsa ko wani ƙwaro, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye shi. Wannan hali ne ya sa aka mayar da su makamin noma. Ganin yadda manoman masara daga Maje zuwa Lambata ke fama da tsutsar da ta ɓulla a Najeriya a 2016, ya dace a auna makamin ba tare da zuzutawa ko kushewa ba.

Fa'idodi

Babbar shaida ita ce ta rogo. A 1973 aka fara lura da wani farin ƙwaro mai tsotse ruwan rogo a ƙasar Kwango, kafin a ankara ya bazu har Najeriya. A 1981 aka gano asalinsa a Faraguwai da ke Kudancin Amurka, aka samo maƙiyinsa, wani ɗan zanzaro mai suna Anagyrus lopezi, cibiyar IITA ta sake shi a kusa da Ibadan. Ya yaɗu zuwa ƙasashen Afirka fiye da 20, ya karya lagon ƙwaron. Hans Herren da ya jagoranci aikin ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. Manomin rogo na yau yana cin moriyar wannan aiki ko bai taɓa jin labarinsa ba.

Shaida ta biyu daga ƙasar Hausa take. A yankin Maraɗi tsutsar zangarniyar gero, wadda ake kira murzuna, takan yi wa manoma mummunar ɓarna. Masanan cibiyoyin bincike na INRAN da ICRISAT da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna kiwon wani zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda tsawonsa bai wuce milimita 4 ba. Macen kan harbi tsutsar ta sandare, sannan ta sa ƙwai a bayanta. A ƙananan buhunan algarara ake zuba gero da tsutsotsi da matan zanzaron, a rataye a gonaki, sababbin da suka ƙyanƙyashe su fita farauta. Dabara ce mai sauƙi, har ƙungiyoyin ƙauye sun koyi haɗa ta.

Akwai ribar lafiya da ta aljihu. Inda zanzaro ya yi aiki feshi kan ragu, da shi kuma haɗarin guba ga mai feshi, da ruwan sha, da ƙudan zuma. Waɗannan ƙananan zanzaron ba su damu da mutum ko dabba ba.

Illoli

Na farko, makamin yana da tsananin zaɓe, kuskuren suna kuwa kan ɓata aiki gaba ɗaya. Kafin a dace da na Faraguwai, an tattaro wasu zanzaron daga jikin wani ƙwaro mai kama da na rogon Afirka, suka kasa hayayyafa a kansa, domin jinsin daban ne. Bambance jinsunan zanzaron ma sai da madubin ƙara girma, a duba jijiyoyin fiffike da gaɓoɓin ƙahon kai. Su kansu masanan sukan sauya ra'ayi: zanzaron rogo ya sha sauyin suna, na gero kuma wasu Bracon suke kiransa. Wannan ba aibin ilimi ba ne, amma yana nuna aikin na buƙatar ƙwararru, ƙwararrun kuwa ba su da yawa.

Na biyu, nasarar wani wuri ba lallai ta zama ta wani ba. Maraɗi ƙasar gero ce mai ƙarancin ruwa, Suleja kuwa ta fi damina, masara da dawa da doya da rogo suka fi yawa. Akwai wani jinsi, Telenomus remus, mai lalata ƙwan tsutsar masara, an kuma same shi a Nijar da Benin, sai dai samunsa a daji daban, wadatar da manoma da shi daban.

Na uku, ba ya aiki da gaggawa. Manomin da ya ga tsutsa tana cin gonarsa yau ba zai iya jiran haihuwar zanzaro ba, kuma ba a ga laifinsa. Idan ya yi feshi, maganin ba ya tantance aboki da maƙiyi. Zanzaron gero ma yakan ragu sosai da rani saboda rashin tsutsa, sai an sake sakinsa da damina.

Na huɗu, zanzaro bai san iyakar gona ba. Wanda ya saya da wanda bai saya ba duk za su amfana, abin da kan sanyaya gwiwar mai biya. Sai unguwa ko ƙauye sun haɗa kai abin ke tafiya.

Akwai kuma haɗarin shigo da baƙon jinsi, domin abin da aka saki ba ya dawowa kwalba. Na rogo an killace shi an gwada kafin a sake shi, amma babu tabbacin kowane baƙo zai tsaya kan abin da aka kawo shi dominsa.

Manomin Suleja da ke tunanin wannan hanya, ya fara kai samfurin tsutsar gonarsa ga malamin gona a tantance ta, ya tuntuɓi maƙwabtansa game da lokacin feshinsu, sannan ya yanke wa kansa shawara.